Laftof ɗin da Yaya Ya Zaɓa da Kunne

Yayana mai zanen gini ne. Shekara ashirin da shida ya yi a ofishi ɗaya, a hawa na biyu, teburinsa a jikin taga. Da fensir da rula ya fara, shi ya sa 'yan ofis ke kiransa Rula, ko da yake ya manta rabon da ya riƙe ta. Da kwamfuta ta zo bai yi gardama ba, ya koya har ya fi waɗanda suka koya masa. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, da zanen nan ya yi mini karatu har na zama malamar kwamfuta. Mutum ne da ba ya ɗaga wa layi ƙafa. Sai mu je gaisuwa gidan mutane ya ce musu ƙofarsu ta karkace, shi ko a jikinsa, mu ne ke jin kunyar.

A teburin nasa akwai wani ƙaton allon kwamfuta, inci talatin da biyu, wanda ya nace aka saya masa shekara biyu da suka wuce. Abokan aiki na tsokanarsa wai talabijin yake kallo da sunan aiki.

Sai aka yi sabon manaja, ya zo da sabon tsari. Za a saki hawa na biyu, a kwashe manyan tebura. Kowane mai zane zai riƙa bin magina wurin aiki da laftof a jaka, in an sami matsala ya gyara zanen nan take. Ofis zai saya, amma kowa ya zaɓo tasa kafin ƙarshen wata: ƙarama, mara nauyi, mai ƙarfin ɗaukar manhajar zane. Wanda ba zai iya fita ba kuwa, manaja ya faɗa ba kwana-kwana, babu kujerarsa. Yaya na da 'ya'ya biyar, biyu a jami'a, kuma ban da zane bai iya komai ba.

Ya kira ni. "Auta, ke ce gwanar abin nan. Ki zo ki raka ni kasuwa."

Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Mako uku muka yi muna zarya a layin masu kwamfuta, har masu shaguna suka fara tura mana kujera tun daga nesa. Ni ce mai karanta takardar da ke jikin kowace, in faɗa masa ƙarfin ƙwaƙwalwarta da awannin batirinta. Shi kuwa nasa gwajin daban ne. Zai ɗaga ta a tafin hannu yana jinjinawa kamar mai sayen kaza. Zai sa a buɗe zanensa mafi nauyi, na wani asibiti mai hawa shida, ya ce in juya ginin, sannan ya kara kunnensa a gefenta yana sauraren fanka. Daga nan ya kife tafinsa a ƙasanta ya ji zafi, ya bi madannan da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan huci take yi, ba za ta kai azahar a rana ba."

"Wannan fa, Yaya?"

"Marfinta kamar kwali. Ƙurar siminti za ta cinye ta."

Abin haushin, duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Wani mai shago ya ce shekara goma yana sana'ar bai taɓa ganin wanda ya san kaya haka ba. Ni dai raina ya gama ɓaci, don na ga kwanaki na tafiya, rana kuma ba ta ƙarya.

Saura kwana huɗu muka samu wadda ba ta da makusa. Inci goma sha huɗu, jikin ƙarfe, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Na juya asibitin nan sama da ƙasa, ko tari ba ta yi ba. Ya saurara, ya shafa, ya jinjina. Can ya ce mu ƙara dubawa gobe.

Nan na fashe. Na ce masa taurin kai ne kawai da girman kai, yana so ya nuna wa sabon manajan nan shi ba a juya shi, zai jefa matarsa da yara cikin wahala a kan banza. A gaban mai shago na faɗa, ni da ko sunansa ban taɓa kira ba. Na juyo masa da allon na ce, "To duba da kanka. Ga matakalar da ka zana, me ya same ta?"

Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya karkatar da kai, yana kallo ta gefen ido. Sannan ya ɗora yatsa ya ce, "Ta fito da kyau." A kan wurin ajiye motoci ya ɗora yatsan, matakalar tana can ɗaya kusurwar.

Sai a lokacin na tuna cewa mako uku cur ban ga ya kalli allon ko guda ba. Ashe ruwa ba ya tsami banza. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

A mota na ce gobe za mu ga likitan ido. Ya ce, "Na riga ki, Auta. Shekara biyu ke nan. Ciwon suga ne ya taɓa jijiyar. Tsakiyar abin da nake kallo ne ke dushewa, kuma ya ce ba tabarau ba ne maganinsa." A babban allonsa yana ƙara wa layi girma har ya kai kaurin yatsa, sauran kuma ya haddace. Ko matarsa ba ta sani ba.

Na ce a saya, in ya je wurin aiki ya riƙa kirana a waya, ko ya ce wa birkila ya karanta masa lambobin, wa zai gane? Na yi ta kawo dabaru ina kuka.

"Mutane ne za su kwana a ƙarƙashin abin da na zana," in ji shi. "A tebur ina da lokacin dubawa sau biyar. A can magina na tsaye a kaina, siminti na bushewa. In na ɗora ginshiƙi inda ba wurinsa ba fa?"

Washegari ya koma shagon shi kaɗai ya karɓo laftof ɗin. Ranar Litinin ya ajiye ta a teburin manaja cikin kwalinta, ya faɗi gaskiya. Na so a ce shekara ashirin da shida sun sa an bar masa kusurwa ɗaya da teburinsa. Ba a bar masa ba. An yi masa godiya, an ɗauki hoto, aka ce ya tafi da babban allon tunda ba mai amfani da shi. Daga baya na ji ofis ya sayo irin laftof ɗin guda shida, wai ba a samu wadda ta kai zaɓin Rula ba. 

Matarsa ta koma ɗinki, ni ma ina kai abin da ya samu, yana karɓa yana kau da kai. Allon yana falo kusa da taga. Jiya da hantsi na tarar da shi a gabansa yana zane, layukan manya-manya. Ƙaramin gida ne, ɗakunan a jere a kan baranda ɗaya, ba matakala, ba dakali, duk ƙofofin suna buɗewa gefe guda.

Na ce, "Yaya, aiki aka kawo? Gidan wa ne?"

Bai juyo ba. "Nawa ne. Likita ya ce ina da kamar shekara ɗaya. Ina so in haddace shi tun ina gani."