Ranar da Dorina Ta Taso Mana a Kogin Shari

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ba masunci ba ne. Atamfa yake sayarwa a unguwar Gardole, amma duk ranar Lahadi sai ya rufe shago, ya ɗauki gorarsa da fatsa da gwangwanin tana, ya nufi kogi. Ni kuma a shekarun casa'in ɗin nan ina aiki a wani ofis, ina da tsohuwar kyamara ta ƙarfe da na saya wurin wani mai hoto da ya bar sana'a, irin wadda sai ka murza fim da babban yatsa bayan kowace ɗauka. Sai muka riƙa tafiya tare, yana kamun kifi ina ɗaukarsa.

Kullum a gaɓa muke zama, wajen unguwar Shagwa. Wata Lahadi da rani, ruwa ya ja baya har yashi ya fito a tsakiyar kogi, Kawu ya ce giwar ruwa ba ta zuwa bakin gaɓa, yau ciki za mu shiga. Ya daidaita da wani tsoho mai kwalekwale.

Na ce, "Kawu, ka san fa ban iya ruwa ba."

Ya ce, "Wa ya ce ka shiga ruwa? Zama kawai za ka yi, ɗana."

Muka yi nisa har mutanen gaɓa suka koma ƙanana. Kawu ya jefa fatsa, na ɗauke shi hoto biyu. Ina cikin leƙa kyamara sai na ga wasu 'yan kunnuwa biyu suna kaɗawa a kan ruwa, dab da mu. Ɗan dorina ne. Har na fara murmushi, sai na ji tsohon ya daina tuƙi. Ya ce mu yi shiru da Larabci, murya ƙasa-ƙasa, "Askut. Kada wanda ya motsa."

Uwar tana ɗaya gefen. Ruwa ya kawo mu tsakaninta da ɗanta ba mu sani ba. Kanta kaɗai ya kai turmi biyu, ta zuba mana ido, tana huci ruwa na fita ta hancinta.

Kyamarar na manne a fuskata, na kasa sauke ta. Ban san lokacin da yatsana ya danna ba. Ƙaras! A cikin wannan shirun, ƙarar ta yi mini kamar an harba bindiga. Dorinar ta wage baki, na ga haƙoranta da jan dasashinta, sannan ta nutse.

Nutsewar ta fi ganinta tashin hankali. Ruwa ya kwanta lamo, ba mu san inda take ba. Ina jin Kawu yana salati a hankali. Ni ko salatin na kasa, matata da jaririyarmu kawai nake gani.

Sai muka ji bugu daga ƙasa. Kwalekwalen ya ɗaga ya karkace, ruwa ya kwararo har idon sawuna. Na ƙanƙame katako na yi ihu. Kawu ya saki gorarsa a ruwa, ya damƙe wuyan rigata ta baya, ya ce, "Kada ka tashi! Wallahi ka tashi mun kife!"

Tsohon ya koma tuƙi. Ya riƙa tura mu da baya, sannu-sannu, ko ƙarar ruwa ba ya bari a ji, har cikin kwalekwalen ya gogi yashi. Na yi tsalle na fita, na zube a guiwa na yi amai.

A kan yashin muka zauna, ba inuwa, tun hantsi har la'asar sakaliya, muna kallon uwa da ɗa suna tasowa suna nutsewa a hanyar da za mu bi. Muka yi azahar da la'asar a wurin. Da suka gangara ƙasa tsohon ya ce mu tafi, sai da Kawu ya kama hannuna kafin na yarda na koma ciki. Idona a rufe muka ƙetare.

Na kai fim wanki bayan sati biyu. Hotunan Kawu sun fito tas. Na dorinar kuwa ruwa ne kawai da wani baƙin dishi-dishi, mai wankin ma ya ɗauka lalacewa ya yi.

Kawu ya saro sabuwar gora, ya koma kogi Lahadin da ta biyo. Ni sai bayan damina na iya sake binsa. Ko a lokacin, in kifi ya yi tsalle sai gabana ya faɗi. Ya roƙe ni kada in gaya wa mahaifiyata, kuma har ta rasu ban gaya mata ba.