Akwatin da Ke Jikin Mangwaro

A lambun gefen kasuwarmu a garin Ipoh, wani tsoho yana tsaye da farar singileti, riƙe da gwangwanin tsutsa. Idonsa na kan akwatin katakon da ke jikin mangwaro, inda wata tsuntsuwa ta saka ƙwai. Ina jin shi ya ƙera shi, don hannunsa na kafinta ne, yatsa ɗaya guntu. Jajayen ɓurɓushin takardar wasan wuta sun rufe ciyawa. A reshen da ke kusa da akwatin aka rataya wasan wutar Sabuwar Shekara aka kunna.

"Kawu Kheong, wuyanka zai ƙage," in ji wata mai shara. "Wannan ƙara, ko ni ce uwar ai na gudu."

"Ke dai yi shararki. Tana nan dawowa."

Ya taka kujera, ya kai hannu kan murfin akwatin, sai ya tsaya. Na san wannan tsayawar, na yi ta a ƙofar ɗakin da 'yata ta cika. Muddin bai buɗe ba, ƙwan na da ɗumi.

Ya sauko, ya juye tsutsar a gindin bishiyar, ya ja baya can nesa, kada ya zama shi ne ya hana ta sauka.