Shekarar da Baba Ya Kira Sunana

A kakar shekarar da sojojin Yaƙin Bama suka dawo gida, wata Laraba bayan la'asar, ina tsugune a ƙofar gidanmu a Boɗinga ina korar kaji daga shanyar gero, sai na hango jama'a sun rako wani dogon mutum ramamme, da manyan takalma da jakar kaki a kafaɗa. Kakata Inno, wadda ta raine ni, ta fito a guje ba ko mayafi, tana kuka tana guɗa a lokaci guda. Mahaifina ne, Garba, wanda aka ɗauka soja tun ina goye, ga shi har na fara famfara. Da ya iso bakin zaure ya tsaya ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce, "Ke ɗiyar wa ta? Mi as sunanki?" Na ce Luba. Ya maimaita da ƙarfi, "Luba," ya shafa kaina. Nan take guɗar Inno ta tsinke.

Wanda bai tashi a wancan zamani ba ba zai gane abin da ya tsinke guɗar nan ba. Ni 'yar fari ce, kuma a wajenmu uba ba ya faɗin sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya ma haɗa ido da shi a gaban mutane. Alkunya ce, ba ƙiyayya ba. Mahaifiyata kanta "wagga yarinya" take ce mini, shi ya sa tun daga yaye aka miƙa ni ga Inno. Don haka da Baba ya kira sunana a bainar jama'a, kowa ya fahimci bai san ko ni wace ce ba.

Ba ni kaɗai ya manta ba. Hanyar gonarsa ta ɓace masa. Mutumin da a da yake jan baƙi a makarantar allo sai ya tsaya a tsakiyar sura yana zare ido. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. Idan mata suka haɗa lugude a turmi, sai ya yar da akushin tuwo ya kwanta rub da ciki a bayan rumbu yana kiran sunayen mutanen da ba wanda ya sani, har dole aka kwashe turamen gidanmu zuwa maƙwabta. Wasu suka ce iskokin dajin Bama ne suka biyo shi. Aka ɗora shi a jaki zuwa wurin wani malami a Shagari, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi. Inno dai abin da take faɗi ɗaya ne: "Ba hauka ta ba, abin da ido ya gani na." Kullum sai ta nuna masa ni ta ce 'yarsa ce, shi kuwa ya yi dariya ya ce, "Haba Inna, ɗiyata goye take, ko tahiya ba ta iya ba."

Wuri ɗaya ne hankalinsa yake kwanciya, lambun albasarmu da ke fadama. Kansa ya manta abubuwa da yawa, amma hannunsa bai manta jigo ba. Da yake ba a barinsa ya fita shi kaɗai, kuma da ni kawai yake sakewa, sai aka ɗora mini rakiyarsa. Da hantsi mu kama hanya, ni da ƙwaryar fura a ka, shi da fartanya a kafaɗa. Yana ɗebo ruwa yana zubawa a kwalbati, ni ina buɗe wa ruwan hanya da hannu daga wannan fangali zuwa wancan, tsabar laka har gwiwa. Yini guda sunana ba ya sauka daga bakinsa. Luba toshe can, Luba kori akuyar nan, Luba zo ki ga kwaɗo. Ya yi mini 'yar tsana da karan dawa, ya koya mini fareti a kan kunya, ina taku ina faɗuwa yana ƙyalƙyala dariya. Ludayi ɗaya muke shan fura. A wurin gaɗa kuwa na ishi sauran 'yan fari da alfahari, don babu wadda ubanta ya taɓa ko tambayarta ta ƙoshi.

Na ji daɗin watannin nan ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma akwai abin da yake cina a rai: so yake yi mini irin na 'yar maƙwabta. Wani lokaci ya tsaya da aiki ya ce idan 'yarsa ta girma zai so ta yi hankali kamar ni. Inno tana roƙon Allah ya dawo masa da tunaninsa, ni kuma ina cewa amin da rabin baki, don na san abin da zan rasa. Tsohuwar ba ta da wuyar gane mutum. Takan dungure mini kai ta ce, "Ja'ira, ke kaɗai ka cin ribar wanga ciwo."

Lokacin cire albasa na taka ƙaya a bakin lambu, ta shige mini dunduniya. Baba ya zaunar da ni a kan tarin ganye, ya ɗora ƙafata a cinyarsa yana lallashina, ya wanke lakar don ya ga bakin ƙayar. A nan ya ga tabon ƙuna a idon sawuna. Ina rarrafe na faɗa murhu, kuma an ce a ranar shi ne ya ajiye alkunya ya sungume ni a guje zuwa gidan wanzami. Ya daɗe yana kallon tabon. Ya cire ƙayar a hankali, ya sauke ƙafata ƙasa, ya kawar da kansa. A hanyar gida yana gaba ina baya, bai ce mini uffan ba. Da muka shiga, ya tsaya gaban Inno, idonsa a ƙasa, ya ce, "Inna, a sa ma wagga yarinya magani ga ƙahwa." Inno ta dube shi, ta dube ni, ta saki guɗar da ta haɗiye tun kaka. Ni kuwa na zagaya bayan ɗaki na yi kuka har na gode Allah, ina murna ina baƙin ciki.

Bai warke duka ba. Har tsufansa idan aka yi tsawa sai ya dafe kai, kuma bai taɓa ba kowa labarin Bama ba. Rakiyar lambu ta koma hannun wani ƙanensa.

Yanzu jikokina suna kiran 'ya'yansu na fari da suna, suna saɓa su a wuya a tsakiyar kasuwa, kuma an ce likitoci sun san ciwon sojoji irin na Baba, har suna da magani. Ina yi musu murna. Ni dai rani ɗaya na samu, daga nan har ya koma ga Allah Baba bai sake cewa Luba ba. Da shirun nan na san ina da uba.