Malam Hammawa Mai Usur da Igiyar Tsakar Gida

Haihuwa da asali

An haifi Malam Hammawa Nasiruddeen a shekarar 1951 a unguwar Ƙofar Wambai, cikin birnin Bauchi. Mahaifinsa, Malam Nasiruddeen, mai fataucin fatu ne, mahaifiyarsa kuwa, Malama Bintu, ta shahara a unguwar da sana'ar fura. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma 'yan'uwansa sun tabbatar da cewa tun yana ƙarami ba a taɓa aikensa ya tafi a hankali ba, sai da gudu, har mahaifiyarsa ta daina aikensa sayen manja saboda yawan ɓari.

Karatu da aiki

Ya fara da makarantar allo, aka sa shi firamare a 1959, sannan ya shiga kwalejin horar da malamai a 1966, inda bai yi fice a lissafi ba ko kaɗan, amma a gudun dogon zango ba a taɓa ganin bayan wani a gabansa ba. A 1971 ya kama aiki a matsayin malamin motsa jiki, ya koyar a cikin gari da Tirwun da Inkil tsawon shekara talatin da biyar, duk a kan keke guda, har ya yi ritaya a 2006. Ɗalibansa suka laƙaba masa Mai Usur, domin usur ɗin ƙarfe da ke rataye a wuyansa ba ya sauka sai lokacin salla. Aƙidarsa ita ce jiki amana ne, kuma wanda ya bar nasa ya lalace ba kansa kaɗai ya zalunta ba, har da waɗanda za su yi jinyarsa. Malalacin ɗalibi bai taɓa jin daɗinsa ba.

Aure da iyali

A 1977 ya auri Zakiyya, 'yar Malam Kabiru na Tirwun, mace mai kazar-kazar da yawan raha, wadda ita kaɗai ke iya yi masa dariya a kan usur ɗinsa ta zauna lafiya. Allah ya azurta su da 'ya'ya biyar, ɗaya ta rasu tana jaririya. Sun yi aikin Hajji tare a 2008.

Jarrabawar 2012

A watan Yuni na 2012 Hajiya Zakiyya ta faɗi a bakin murhu, aka tabbatar a asibiti cewa hawan jini ne da ta daɗe da shi ba a sani ba, ya shanye mata ɓarin hagu. Da aka sallamo ta, unguwa ta yi abin da ta saba yi wa wanda take so. 'Yan dubiya suka riƙa cika ɗaki, da zarar ta yunƙura sai a ce, "Kwanta abinki, Hajiya, kar ki wahalar da kanki." Abin mamaki, Malam Hammawa, wanda ya shekara talatin da biyar yana kora 'ya'yan mutane a fili, shi ya fi kowa hana ta motsi. Shi ke ba ta abinci a baki, shi ke ɗaga ta, ko kofin ruwa bai yarda ta riƙe ba. Wata huɗu tana kwance, ƙafar ta fara ƙanƙancewa, rahar nan tata kuma ta ɗauke.

A watan Oktoba ne Felicia Andrawus, tsohuwar ɗalibarsa da ke aiki a sashen gashin ƙashi na asibiti, ta zo dubiya. Ta taɓa ƙafar, ta kira shi zaure, ta rusuna ta ce, "Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ciwo ya ci rabin Mama, tausayinka kuma zai cinye sauran. Idan ba ta taka ba a bana, ina tsoron ba za ta ƙara takawa ba." An ruwaito cewa bai ci abinci ba a ranar.

Washegari ya ɗaura igiya daga ƙofar ɗakinta zuwa bishiyar gwaiba da ke tsakar gida, taku goma sha biyu, ya tsayar da matarsa ta kama igiyar da hannun dama, kamar yadda Felicia ta nuna masa. Ta yi kuka har maƙwabta suka ji, yayanta ya taso takanas daga Tirwun ya ce idan an gaji da jinyarta a ba shi ƙanwarsa. Malam Hammawa ya haɗiye wannan magana, ita ce kuwa mafi ɗacin da aka taɓa faɗa masa, bai kwance igiyar ba. Sai a mako na shida ta kai gindin gwaibar, ta jingina tana haki, ta ce, "To Malam, ba a busa mini usur ɗin ne?" Ranar ce 'ya'yansa suka fara ganin hawayensa.

'Yan zagayen asuba

Zuwa ƙarshen 2013 ta fara fita waje. Kullum bayan sallar asuba takan tsaya a ƙofar zaure tana jiran dawowarsa daga masallaci, ya kama hannunta na hagu wanda bai ƙara aiki ba, su zagaya unguwa a hankali. Dattijo riƙe da hannun matarsa a kan titi ba abin da Ƙofar Wambai ta saba gani ba ne, an kuwa yi tsegumi son rai. Amma kafin shekara ta kewayo, masu tsegumin da kansu, mai ciwon suga da mai ciwon gwiwa da mai tumbi, sun fara bin bayansu, wai hanya ce ta haɗa su. Matan unguwa suka bi sahu, kowace Asabar kuma Felicia takan zo zauren ta auna jinin duk wanda ya miƙo hannu, inda aka gano hawan jini a jikin magidanta da dama da ke rantsuwa lafiyarsu lau. Har dubiya ta sauya kama a unguwar, domin idan likita ya ba da izini, mai zuwa gaishe da majinyaci kan kama hannunsa ya taka da shi zuwa ƙofa kafin ya yi sallama.

Ƙarshen rayuwa

A farkon 2024 ciwon zuciya ya kama shi. Damuwarsa ba ta kansa ba ce. Ya san ƙafar Hajiya Zakiyya kan sanƙare idan ta kwana uku ba ta taka ba, ya kuma san idan ya riga ta rasuwa za ta zauna takaba wata huɗu da kwana goma a cikin gida, tsakanin masu ƙaunarta da za su ce ta zauna ta huta. Saboda haka, mako biyu kafin rasuwarsa, ya sa aka sayo sabuwar igiya, ya ɗaura ta da hannunsa a inda ta farko ta kasance, ya ce wa 'yarsa Juwairiyya, "Kar ku ji tausayinta irin nawa."

Rasuwa da jana'iza

Allah ya yi masa rasuwa ranar Litinin, 14 ga Oktoba, 2024, yana da shekara saba'in da uku. An yi masa salla bayan azahar a ƙofar gidansa, an kawo motar ɗaukar gawa, amma dattawan zagayen asuba suka ce a mayar da ita, suka ɗauki makarar a kafaɗa suna karɓa-karɓa har maƙabarta. Ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya huɗu: Mansir, Juwairiyya, Usama da Fatimatuzzahra, da jikoki goma sha ɗaya. Allah ya jiƙansa, ya kyautata makwancinsa.

Washegarin binne shi, bayan asuba, matan unguwa bakwai da Felicia suka yi sallama a gidan. An shimfiɗa musu tabarmar ta'aziyya, ba su zauna ba, suka tayar da Hajiya Zakiyya ta kama igiyar, suka bi bayanta daga ƙofar ɗaki zuwa gwaiba, daga gwaiba zuwa ƙofar ɗaki. Haka suka yi kowace safiya har takabar ta cika. Ranar da ta fita, ta tsaya a ƙofar zaure tana kallon hanyar masallaci kamar yadda ta saba, har masallata suka gama wucewa, sannan ta gyara mayafinta ta taka da ƙafarta.