Sarƙar da Aishatu Ta Bari

Duk wanda ya daɗe a Hayin Banki ya san Hajiya Sa'adatu. Ita ce matar nan gajera mai farin gilashi da ke ɗingisa ƙafar hagu, wadda in ana buɗe lefe a unguwa ba a rufe akwatin ƙarshe sai an aika an kira ta. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga tafireta a ma'aikatar gwamnati har ta yi ritaya, amma ba aikin ofis ne ya yi mata suna ba. Mahaifinta, marigayi Malam Abdulƙadir, maƙerin gwal ne a Babbar Kasuwa, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun tana 'yar shekara tara take kai masa abincin rana, ta tsuguna gefen tabarmarsa tana kallon yadda yake goga gwal a baƙin dutse ya ɗiga masa ruwan gwaji. Miƙa mata sarƙa ka gani: za ta ɗan jijjiga ta a tafin hannu, ta juya maƙullin ta duba lambar da aka buga a jiki, ta ce, "Wannan karat sha takwas ne." Ko kuwa ta taɓe baki ta ce, "Ruwan gwal ne aka shafa wa tagulla, ku mayar." Kuma haka ɗin ne. Dangin ango har addu'a suke yi kada ta zo.

To wannan matar ce, ita da kanta, ta yi mako guda ba ta iya cin tuwo saboda sarƙa.

Abin ya samo asali ne daga ƙanwarta Aishatu, wadda ta yi aure a Katabu, ta rasu shekara goma sha tara da suka wuce, ta bar 'ya ɗaya, Ilham, tana da shekara huɗu. Kwana biyu kafin ta cika, a kan gadon asibiti, Aishatu ta kwance bakin mayafinta ta ciro sarƙa da 'yan kunne. Mahaifinsu ne ya ƙera mata su da hannunsa lokacin aurenta. Ta damƙa wa yayarta, ta ce, "Yaya, ki riƙe wa Ilham. Ranar aurenta ki ba ta." Sa'adatu ta karɓi gwal ɗin, ta karɓi yarinyar ma da yardar ubanta, don Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta zuba kayan a gwangwanin madara ta tura ƙarƙashin zannuwa. Mijinta ya rasu, rayuwa ta matse ta, ta sayar da awarwayenta da zobbanta ɗaya bayan ɗaya don karatun Ilham, amma ko da wasa ba ta taɓa tunanin gwangwanin nan ba. Amanar mamaci ba abin wasa ba ce, kuma ita ta fi kowa sanin haka.

Sai ga aure ya tashi. Sulaiman sunan yaron, ɗan manyan ma'aikata a Unguwar Rimi, gidan da ke da mai gadi da motoci uku a tsakar gida. Saura wata biyu biki, Sa'adatu ta je wani kamu a maƙwabta, ta ji wasu 'yan mata a bayanta suna ƙus-ƙus a kan sarƙar amarya. "Ke dubi abin wuyanta, na kakarta ne aka aro?" Suka tuntsire da dariya. 'Yan banzan yara, wallahi, ko farashin giram ɗaya ba su sani ba! Amma maganar ta bi ta har gida. Ta ciro gwangwani ta zazzage a cinya. Gwal kam gwal ne, karat ashirin da biyu, ja kamar manja. Sai dai ƙirar tsohon yayi ce, ga abin da ke lilo a tsakiya mai siffar ganye har ya ɗan loɓa a gefe guda. Ta hango Ilham a gaban matan Unguwar Rimi ana nuna ta da baki, ana cewa ai marainiya ce. Zuciyarta ta ce mata ta yi musaya kawai, tsoho ya tafi sabon yayi ya zo, nauyi ɗaya, daraja ɗaya. Ai haka mata ke yi kullum.

Ba ta je kasuwa ba. Ta ce wa kanta gwiwa ce ta hana ta hawa benen masu gwal. Gaskiyar magana ita ce Malam Datti na can, tsohon almajirin mahaifinta a ƙira, wanda yanzu shi ma ya yi furfura, kuma ta san zai yi tambayar da ba ta son ji. Sai ta koma waya, inda babu wanda ya san ta.

Masu sayar da gwal a Instagiram sun ga ta kansu a hannunta. Wanda ya sa farashi ƙasa da na kasuwar ranar, ko gaisuwarsa ba ta amsawa, don araha ba ta ado. Wanda ya turo mata hoto mai ƙyalli sai ta ce hoto ba ya nauyi, a yi kiran bidiyo. Mutum huɗu suka gudu daga nan. Ta biyar, wata Hajiya Umaima a Kano, ta tsaya. Sa'adatu ta sa ta rubuta kwanan watan ranar a takarda ta ajiye kusa da sarƙar, don kada a nuna mata tsohon bidiyo. Ta sa ta ɗora sarƙar a sikeli tana kallo, ta sauke, ta sake ɗorawa. Ta sa ta kanga kyamara kusa da maƙulli har lambar 916, shaidar karat ashirin da biyu, ta fito fili, ta duba mahaɗin kowane ƙulli ko an like shi da kyau. Ta sa ta fita ƙofar shago ta nuna mata allon suna da layin kasuwar. Ta ce sai an rubuta karat da giram a rasit, da sharaɗin cewa in an gwada bai cika ba za a karɓa. Umaima ta yi dariya ta ce, "Hajiya, ke ma'aikaciyar kwastan ce?" Ta ce, "A'a, 'yar maƙeri ce."

Ranar Litinin da safe, Ilham na wurin aiki, ta naɗe gwangwanin cikin ledar kuka da daddawa ta ba wani direba da ta daɗe da sani a tashar Kawo, ya kai wa Umaima Kano a musanya. Motar na ficewa daga tasha gabanta ya yanke ya faɗi. Sai a lokacin ta gane cewa duk binciken nan da ta yi, a gilashin waya ta yi shi. Hannunta, wanda bai taɓa yi mata ƙarya ba, bai taɓa komai ba.

Da la'asar Umaima ta rubuto cewa saƙo ya iso. Washegari wayarta a kashe. Laraba ma a kashe. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Sa'adatu ta kira har yatsanta ya gaji. Ta ɗora tukunya ta manta har shinkafa ta ƙone. In ta tayar da salla sai ta rasa raka'a nawa ta yi, muryar Aishatu kawai take ji: ki riƙe wa Ilham. Tsoro take ji, tsoro sosai, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka ce mijinta ya faɗi a ofis. Me za ta ce gobe ƙiyama in an tsayar da ita gaban ƙanwarta? Ilham ta dawo daga aiki ta taɓa mata goshi ta ce, "Inna, zazzaɓi ne?" Ta ce gwiwa ce. Ƙarya a bakin tsohuwa, abin kunya.

Ranar Alhamis waya ta shiga. Ashe rasuwa aka yi wa Umaima, ta tafi ƙauye. Ranar Asabar direba ya kawo ɗan akwati ja. Sa'adatu ta kulle ɗaki ta buɗe. Masha Allah, sarƙa kam ta yi kyau, siririya mai ƙananan furanni, ga rasit kamar yadda aka yi. Ta jijjiga ta a tafin hannu, nauyi ya yi daidai. Sai dai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ta ɗauko maganaɗisun da ta cire daga tsohuwar rediyo, don ta san gwal ba ya bin maganaɗisu. Ta bi jikin sarƙar a hankali, shiru. Ta zo kan maƙulli, sai ji ta yi ƙyas, ya ɗago ya manne.

Ta cire, ta sake kangawa, ya sake mannewa. Ta zauna daɓas a ƙasa, gumi ya karyo mata. A zamanin mahaifinta ƙugiya ake yi wa sarƙa, gwal zalla, babu abin da ke bin ƙarfe. Ashe lamba ma ana buga ta jabu? Ashe sikelin ma an gyara shi? Ita, Sa'adatu, da ta kunyata dangin ango fiye da ashirin, yau ita aka yi wa sakiyar da babu ruwa, kuma da kayan marainiya. Ta ɗauki waya za ta kira Umaima, ta fasa, don in matar ɓarauniya ce kiran zai sa ta gudu. Kwana biyu ta yi tana zagaye ɗaki da akwatin a ƙugunta.

Ranar Litinin ta hau Keke Napep ta nufi Babbar Kasuwa. Benen nan da ta ce ba za ta iya hawa ba, ta hau shi, tana dafa bango tana salati. Malam Datti na zaune bayan gilashinsa, ya miƙe da ganinta.

"A'a, 'yar maigida! Yau ke ce a shagonmu? Lafiya kuwa, na ga duk kin rame?"

"Yaya Datti, gwada min wannan. Kada ka ji tausayina."

Ya karɓa ya ɗora a sikeli, ya duba rasit. Ya goga a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji. Ita kam ta runtse ido. Ya ce, "Buɗe idonki mana. Ga layin nan bai goge ba. Ashirin da biyu ne cif, aiki mai kyau." Ta ce da muryar kuka, "Maganaɗisu fa ya kama maƙullin." Datti ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Haba 'yar maigida! Irin wannan maƙulli na zamani akwai ɗan siririn ƙarfe a ciki, shi ke mayar da shi ya rufe. Kowanne haka yake. Ke da ake kira buɗe lefe?"

Ta sauke ajiyar zuciya, hawaye na zuba. Alhamdulillahi ta faɗa ta fi sau goma. Datti na mayar da sarƙar cikin akwati ya ce, "Ta bikin Ilham ce ko? Madalla. Sai ta haɗa da ta mahaifiyarta, mai ganyen nan. Ina nan lokacin da maigida ya ƙera ta, ni na hura masa wuta." Ya ɗago ya dube ta, ta sunkuyar da kai. Ya miƙo mata akwatin da hannu biyu.

Tun a kan bene ta kira Umaima, ta tambayi tsohon gwal ɗin da ta aika. Matar ta amsa da fara'a. "Tsohon? Ai Hajiya tun ranar da ya iso aka narka shi. Irin wannan ƙirar wa zai saya yanzu?" Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Saura kwana uku kamu, da hantsi, ana ta daka a tsakar gida, Ilham ta shigo ɗakin da lalle a hannuwanta ta zauna a bakin gado. Sa'adatu ta ciro jan akwatin ta riƙe a cinya, tana neman inda za ta fara. Ilham ta riga ta.

"Inna, Baba ya ce sarƙar Mamata na wurinki. Ita nake so in sa ranar kamu. Ƙawayena sun ce wai tsohon yayi ce, na ce su sha kuruminsu."

Ta dangwala wayarta da gwiwar yatsa don kada lalle ya ɓata ta, ta juyo da ita. Tsohon hoto ne da aka ɗauka daga jikin kati. Aishatu ce zaune tana murmushi, jaririya a cinyarta ta cafke ganyen sarƙar ta kai baki.

"Baba ya ce lokacin ina fitar da haƙori na cije shi har ya loɓa. Wai an ce Mama ta kai a gyara, ta ƙi, ta ce a bar mata shaidar 'yarta. Ni fa Inna ba na tuna fuskarta sai a hoton nan. Amma in na taɓa wurin da na ciza, na san ita ma ta taɓa shi." Ta dubi cinyar Sa'adatu, idonta ya yi haske. "Ita ce a cikin akwatin nan?"

Sa'adatu ta ƙanƙame jan akwatin a cinyarta. Ilham ta miƙo hannuwanta biyu masu lalle, tana murmushi irin na Aishatu, tana jira.