Ƙullutun da Kawu ya binne a Yangoji

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Nafi'u. Kewarsa na saba da ita, amma a bana wani abu ya ƙaru a kanta wanda na daɗe ina jin nauyin ambatonsa: ƙyashi. Ina ƙyashin wani bawan Allah da bai taɓa yi mini komai ba, don kawai yana raye.

Yaya Nafi'u mai kula da sito ne a Idu, mutum mai barkwanci. Shi ya sa mini suna Malama Wataƙila, wai tun da na gama jami'a ba na iya cewa rana ta fito sai na ƙara da "ina jin dai". Da ƙullutu ya fito masa a cinyar hagu bai damu ba, tunda ba ya ciwo. Baƙon Abuja yake kiransa, wai ya zo kwana biyu ya ƙi tafiya. Sai da wando ya fara matse shi ya je wani ƙaramin asibiti a Nyanya. Likitan ya lallatsa wurin ya ce kitse ne, ya yanke shi a ranar.

Ma'aikaciyar jinya ta miƙo abin a kwalba. Kawu Sale, ƙanin mahaifiyarmu da ke noma a Yangoji, shi ya karɓa. Ya ce, "Naman ɗan Adam ba ya kwana a kwandon shara." Ya naɗe shi a farin ƙyalle, ya binne a gindin mangwaron bayan gidansa. Babu wanda ya ga aibu a ciki, kuma har yau ban iya ganin laifin Kawu ba. Mutunta jikin ɗan 'yar'uwarsa ya yi, yadda aka koya masa.

Bayan damina baƙon ya dawo, ya fi da girma. A babban asibiti tambayar farko da likita ta yi ita ce, "Ina wanda aka cire? An kai shi gwaji?" Kawu ya sunkuyar da kai.

Ni ba likita ba ce, ina iya yin kuskure, amma ga abin da na fahimta a bakinta. Akwai ciwon daji da ake kira sakoma, mai tsirowa a tsoka ko kitse ko jijiya. Iri-iri ne masu yawa, wani a hankali yake tafiya, wani da gudu, kuma yatsa ba ya bambance su da kitsen da ba ya cutarwa. Sai an ɗauki hoton cikin wurin, an ɗebi ɗan nama da allura an duba a ɗakin gwaji, sannan a san wane iri ne, yaya zafinsa, kuma ina wuƙa za ta bi. Wanda ya yanka bai san abin da yake yanka ba yakan bar saura. Kafin a gano irin na Yaya, ya riga ya kai huhu. Da an yi gwaji tun farko, ko da ya tsira? Ban sani ba. Likitar ma ba ta ce haka ba.

Bara, Bilkisu, wadda teburinta ke kusa da nawa a ma'aikata, ta ce mini mijinta Malam Sagir zai je a cire masa wani ɗan kitse a cinya ranar Asabar. Na kama hannunta. A karon farko a rayuwata na yi magana ba wataƙila a ciki: "Kada ki bari wuƙa ta taɓa shi sai an yi hoto an ɗebi nama." Suka bi. Sakoma ce. Aka san irinta, aka yi aikin da shiri, yau Malam Sagir yana tuƙa motarsa, ɗan ɗingishi kawai ya rage masa.

Ya kamata in yi murna, kuma ina jin na yi. Sai dai duk lokacin da Bilkisu ta faɗi dogon sunan cutar a ofis, tiryan-tiryan kamar hadda, sai in tashi in bar wurin. Su sun samu suna da wuri, mu gindin mangwaro muka samu. Na daina cin abincin rana da ita. Wata rana ta tare ni a matakala ta ce, "Zainabu, in laifi na yi miki ki faɗa. Wannan gaisuwar daga nesa kamar oga da masinja ta ishe ni." Na ce aiki ne ya yi yawa. Ta ce to, akwai walimar godiya a gidansu, in ban zo ba ta gane.

Na yi ta tunanin abin da Yaya zai ce. Ina jin dariya zai fara yi, sannan ya ce, "Malama Wataƙila, ke kika nuna musu hanya, kuma kina jin haushin sun isa?"

Na je. Malam Sagir ya taso yana jan ƙafar hagu, na kau da kai. Ya ce, "Hajiya, an ce wani ɗan'uwanki ne ya sa kika san wannan abu. Yaya sunansa?" Na faɗa masa. Kafin a buɗe kuloli ya juya ga liman ya ce, "Malam, a fara da Nafi'u."

Ba zan ce ƙyashin ya tafi ba, ina jin ragewa dai ya yi. Yaya bai bar gida ko 'ya'ya ba. Abin da ya bari, in har na fahimta daidai, shi ne mutumin nan mai ɗingishi da 'ya'yansa da suka zagaye shi. Falo cike da mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suka ɗaga hannu don shi. Bilkisu ta matso kusa da ni, ni kuma na ce amin da ƙarfi.