Buhun Sukarin da Na Kai wa Yaya Batula

Gadarif, Laraba

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito daga gida da buhun sukari mai kilo hamsin, da na fulawa mai ashirin da biyar, da jarkar mai. Ranar Talata da yamma Sa'adiya, 'yar yayata, ta bugo waya daga Ƙala'at an-Nahal ta ce uwarta ba ta da lafiya, ƙafa ce, in zo. Ban tambaye ta wane irin ciwon ƙafa ba. Na wuce wurin mai sari na sayi abin da na saba saya.

Sana'ata awo ce. Shekara goma sha tara ina tsaye gaban sikeli a kasuwar amfanin gona, riɗi da dawa suna wucewa ta hannuna, har ta kai in na kalli buhu daga nesa ina faɗin nauyinsa. Yaya Batula kuwa ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. A lokacin yankan riɗi take yi a gonakin masu tarakta, siririya kamar karan dawa, ta bar mini tuwonta ta ce ta ƙoshi. Ranar da na karɓi albashina na farko na yi alkawarin ba za ta ƙara jin yunwa ba. Tun daga nan duk farkon wata kaya suna tafiya can a saman mota.

Mai rakasha, keken nan mai ƙafa uku, ya sauke ni a tasha ƙarfe biyar da minti goma. Motar da ke layi boksi ce, wato a-kori-kura mai benci biyu a baya. Direban ya dube ni, ya dubi kayan, sannan ya dubi tayarsa.

"Gaba za ka zauna, ya zol?" Haka ake kiran kowane mutum a nan.

"Gaba."

"Kujerar gaba ta mutum biyu ce."

"To a kawo na biyun."

"Ma'alesh, yi haƙuri, ina zai zauna?"

Na biya kuɗin mutum biyu, jine dubu talatin a kuɗinmu na nan, kaya kuma dubu takwas. Na ɗauka tsabar son kuɗi ne irin na direbobi. Mun tashi ƙarfe shida da rabi.

A hanya

Shingen farko yana bakin gari. Soja ya karɓi katina, ya soka yatsa a buhun, ya tambaya ko na sayarwa ne. Na ce na maras lafiya ne. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, in dai ya cinye wannan ai ya warke. A shinge na biyu ba a ma dube mu ba, karin kumallo suke yi.

Direba ya ce tafiyar kusan kilomita tamanin ce. Damina ta ɗauke, baƙar ƙasar nan ta fara darewa, sawun manyan motoci ya bushe ya zama rami. Hagu da dama riɗi ne an yanke an jingina shi dami-dami, 'yan ƙwadago suna sunkuye a ciki. Babu mai ƙiba a cikinsu ko ɗaya.

Ƙarfe tara muka tsaya a wata rumfa don fatur, wato karin kumallo. Na ci wake da mai da burodi huɗu, na sha shayi biyu. Wani ɗan ƙwadago da ke benci ɗaya da ni ya sayi burodi ɗaya da shayi, ya roƙi mai shayin ta ƙara masa sukari. Na ce masa ga salak ɗin tumatir can, ya fi amfani a jiki. Ya ce kuɗin salak ɗin burodi shida ne, kuma salak ba ya kai mutum azahar. Ni ma ai ban saya ba.

Ƙala'at an-Nahal

Ƙarfe goma sha ɗaya saura duwatsun garin suka bayyana. Mai amalanken jaki ya ɗauki kayan, ni na bi shi a ƙasa. Ba gajeriyar hanya ya bi ba, ta tsakiyar unguwa ya ratsa, kamar yadda Yaya ta koya masa tun shekarun baya. Mata suna leƙowa ta kan danga suna cewa kayan Haruna sun iso.

Shekara biyu rabona da ita, aike kawai nake yi. Na same ta a kan gadon igiya a ƙarƙashin rumfa, an ƙara wa gadon bulo a tsakiya. Ido na aiki ba ya neman izini, kafin in gama sallama ya riga ya ce ƙintar uku, wato kilo ɗari da talatin da biyar, ko kusa da haka. Na yi farin ciki, ba zan ɓoye ba. A raina na ce alkawari ya cika.

"Haruna, ka rame," in ji ta.

Sa'adiya ta warware tsumman da ke ƙafar hagu. Ƙaya ce ta soke ta a ƙaramin yatsa wata biyu da suka wuce, ba ta ma ji ba. Yanzu yatsan ya yi baƙi, saman ƙafar ya kumbura, akwai wari. Farin cikin nan ya fita daga raina, tsoro ya shiga.

Yaya tana sayar da shayi da zalabiya, irin fanken nan, a bakin kasuwa tun bayan rasuwar mijinta. Fulawata da maina da sukarina su ne jarin. Abin da ya yi kwantai ba a zubarwa, ita ke cinyewa, safe da rana. Na tambayi Sa'adiya abin da suke sayowa a kasuwa.

"Me za mu sayo, Kawu? Komai yana ɗaki. Sai gishiri da gawayi."

Maƙwabtansu suna sayen mai a cokali, sukari a ƙullin leda, iya abin da aljihu ya ɗauka a ranar. Gidan Yaya kaɗai ake ɗiba da kwano. Na zauna ina tunanin dalilin da ya sa ban taɓa aiko da wani abu daban ba. Sari ya fi araha, sukari ba ya ruɓewa a hanya, kuma buhu ana ganinsa daga nesa. Kwandon tumatir kafin ya iso nan ya zama miya.

Wurin hakim

Bayan azahar muka ɗora ta a amalanke zuwa wurin hakim, ma'aikacin lafiyar garin. Ya soki yatsan hannunta ya duba jini, ya sake dubawa. Ya ce ciwon sukari ne, ya daɗe, kuma ƙafar ta fi ƙarfinsa. In an kai ta Gadarif gobe, wataƙila yatsa kawai za a rasa. In an bari sai bayan kaka, ba ya ɗaukar alkawarin komai daga gwiwa zuwa ƙasa.

"Bayan kaka," in ji Yaya. "Yanzu ne 'yan yankan riɗi suke da kuɗin shayi."

Hakim bai kula ta ba. Yana rubuta takardar da za mu kai asibiti, ya ce ta hau sikeli. Ɗan sikelin ƙasa ne, allurar ta zagaya ta tsaya a ɗari da ashirin, inda lambobin suka ƙare. Ya ce yana son ainihin nauyin. Sa'adiya ta ce ai Kawu mai awo ne.

Wani ɗan kasuwar riɗi da na sani ya buɗe mana sitonsa ta ƙofar baya, ya fita ya ba mu wuri. Yaya ta hau kan farantin ƙarfen babban sikelinsa tana dafe da kafaɗar 'yarta. Na tura dutsen awo da hannuna kamar kullum, sandar ta daidaita. A shekara goma sha tara ban taɓa rage wa manomi ba, ban taɓa ƙara wa ɗan kasuwa ba. Ranar nan na so in rage goma.

"Ɗari da talatin da ɗaya," na ce.

"Da yawa ne?"

"Da yawa ne, Yaya. Kuma ni na aiko shi, wata-wata."

Ta sauko a hankali. Ta ce in daina wannan magana. Lokacin da take siririya wa ya kalle ta? Yanzu duk unguwa an san tana da ɗan'uwa, an san ba a yar da ita ba. Na ce na ji, amma in ba ta shiga mota gobe ba, zan zauna a garin nan in rasa aikina, sai mu ga mai aiko buhun. Ta dube ni ta ga da gaske nake.

"Halas, shi ke nan, zan je. Amma buhu ba zai daina zuwa ba."

"Sukari ya ƙare, Yaya. Sai dai wake da albasa da busasshiyar kuɓewa."

Ta yi tunani. "To a zuba su a buhun sukari. Kuma a bi ta cikin unguwa."

A gidan na kwana. Sa'adiya ta yi tuwon dawa da miyar kuɓewa, ta ba uwarta shayi babu sukari. Yaya ta kurɓa ta ce wannan ruwan wanke kofi ne.

Komawa, Alhamis

Mun tashi ƙarfe shida da kwata. Buhun sukarin na bar wa Sa'adiya ta ci gaba da shayin kasuwa, da sharaɗin zalabiyar da ta kwana ta awaki ce. Direban jiya ne. Ya dubi Yaya, ya dube ni, ya sauka ya zagaya motar. Ya ba ta gaba ita kaɗai, ni ya sa ni a baya, ya ce in zauna ta ɓangaren hagu don motar ta daidaita. Kuɗin mutum huɗu na biya.

Sojan bakin gari ya gane ni, ya leƙa ya gaishe da maras lafiya, ya ɗaga mana hannu. Ƙarfe goma sha ɗaya muna asibiti. Ranar Asabar aka cire yatsan. Ƙafar ta tsira, likita ya ce saura kiyaye baki, ya faɗi haka yana kallona ni ma. Na ɗauka don ni ne mai jinya.

Gida

Ranar Litinin aka sallame ta, na kawo ta gidana. Washegari na koma aiki da wuri, kafin leburori su iso. Sikelin yana nan babu kowa. Na waiga, na cire takalmi, na hau, na miƙa hannu na tura dutsen.

Da yamma na same ta a tsakar gida, ƙafar a naɗe a kan matashi, matata Hajara ta ajiye mana shayi da gwangwanin sukari a gefena kamar yadda ta saba. Na gaya wa Yaya na auna kaina.

"Nawa?"

"Ɗari da ashirin da bakwai."

Na zaci za ta yi mini dariya, ko ta rama wa'azin da na yi mata a siton riɗi. Sai na ga fuskarta ta washe, idonta ya kawo ruwa.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Ashe tuwon da na riƙa bar maka bai tafi a banza ba."

Na riƙe cokalin na ɗan lokaci, sannan na rufe gwangwanin na miƙa wa Hajara. Mun gode wa Allah da ya kai ni lafiya ya dawo da mu da ƙafa huɗu, mun gode wa hakim da direba da tayarsa. Ni da Yaya muka sha ruwan wanke kofinmu har ya ƙare.